Zan tafi karatu Samaru daga Sakkwato: a ina zan sauka, kuma me zan ɗaura a buhu?

Autar_Inna ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Don Allah yayyena da suka riga ni shiga jami'a, shawara nake nema.

Allah Ya nufa na samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, fannin harhaɗa magunguna, kuma saura mako uku in tafi rijista. Ni 'yar Sakkwato ce, a Mabera aka haife ni, nan na yi firamare, nan na yi sakandaren jeka-ka-dawo. Tunda nake, iyakar tafiyata Gusau, ita ma sau biyu, duka biki, duka Inna na gefena. Yayyena maza biyu a nan gida suka yi karatunsu, su je lakca su dawo su tarar da tuwo a rufe, don haka ko na tambaye su ba su da abin gaya mini.

Da farko dai hanya. Babban yayana zai raka ni wannan karon, amma daga shi sai in koyi tafiya ni kaɗai. Wani ya ce mana sai mun je Kwangila, mahaɗar motoci ta Zariya, sannan mu nemi motar makaranta, wata kuma ta ce a'a, tun kafin a shiga gari ake sauka. Wanne ne daidai? Sannan kowa ya san labarin 'yan bindiga da ake ji tsakanin Gusau da Funtuwa. Ƙarfe nawa ya kamata mu tashi?

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abinci. Tun ranar da sunana ya fito Inna take tari. Yanzu haka a ɗakinta akwai rabin buhun shinkafa, da gero, da wake, da garin kwaki, da jarkar manja, ga kuka da kuɓewa da daddawa kowanne a ƙulle, har ƙaramin turmi ta ware ta ce da shi zan tafi. Baba ɗan fansho ne. Ya kira ni ya ce zai riƙa turo mini naira 20,000 duk wata, kuma na san ko wannan ɗin sai ya matse wani wuri. Na iya tuƙa tuwon mutum goma sha biyu, amma ban taɓa dafa abincin mutum ɗaya ba. Ban san nawa ake aunawa ba, ban san kwana nawa mudu yake yi wa mutum guda ba. Tsorona kar wata ya raba in buga waya gida in ce komai ya ƙare, don na san Inna: ba za ta ce babu ba, akuyarta za ta kai kasuwa.

To me zan ɗauka, me zan bari? Ku da kuke ciki, ya kuke yi abincinku ya kai ku ƙarshen zango? Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Yaya_daga_Ƙaura ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah Ya sa a shiga a sa'a a fito lafiya. Ni 'yar Ƙauran Namoda ce, aji huɗu nake a tsangayar aikin gona, kuma daga Gusau hanyarmu ɗaya da ke, ita nake bi tun shekarar farko.

Wadda ta ce miki a sauka kafin a shiga gari ita ce da gaskiya. Mu da muke fitowa ta Funtuwa, titin da kansa yake kawo mu ƙofar makaranta. Za ku wuce Giwa, sai Shika inda asibitin koyarwa yake, daga nan sai Samaru. Da kin hango asibitin nan ki fara haɗa jakarki, ki ce wa direba akwai sauka a Main Gate, wato babbar ƙofar jami'ar. Kwangila tana can gaba, ta mutanen Kano da Kaduna ce. In kika bari aka kai ki can, sai kin sake biyan keke napep ya dawo da ke baya da kayanki duka. Kuma tunda ba shari'a ko harkar mulki za ki karanta ba, ba ruwanki da Kongo, ɗaya harabar jami'ar, komai naki a Samaru yake.

Yanzu abinci. Kar ki hana Inna tarinta, ranta zai ɓaci, kuma duk abin da ta tara za ki buƙace shi. Abin da za ki roƙe ta shi ne ta raba shi uku, ki tafi da kashi ɗaya, sauran a riƙa ba direba saƙo. A hostal, ko Amina kika samu ko Ribadu, filinki bai wuce gadonki da ƙarƙashinsa da 'yar lokarki ba. Ni da rabin buhu na zo a ajin farko, na rasa inda zan kai shi, ya zauna a bakin ƙofa kowa yana kallo. Abin da ke bakin ƙofa kuwa, mai cewa "ɗan ara mini gwangwani ɗaya" ba ya ƙarewa.

Turmi ki bar shi a gida, amma ya yi aikinsa kafin ki taho. Geron nan kar ki kawo shi tsaba. A surfe shi, a wanke, a shanya ya bushe sosai, a niƙa da citta da kanumfari da ɗan barkono, ki zo da garin kunu da ƙullin tsamiya. Wannan garin shi ne ya riƙe ni shekara huɗu. Ranar da kike da lakcar ƙarfe takwas, ki jiƙa tsamiya tun dare, da asuba ki tafasa ruwa ki dama, minti biyar kin gama, kuma zai kai ki azahar ba tare da kin tsaya sayen komai ba. Haka garin ɗanwake, a haɗo miki shi da rogonsa da kukarsa, ke dai kanwa kawai za ki jiƙa. Yaji kala biyu: na ƙuli da na daddawa. Ƙuli-ƙuli mai yawa. In da hali Inna ta yi miki dambun nama, a soya shi ya bushe ƙarau, zai yi makonni bai yi komai ba matuƙar ba ki sa jiƙaƙƙen cokali a ciki ba. Kauɗa da busasshen tattasai su ma ki ɗauko, don akwai lokacin da kayan miya suke tsada har ki kasa tunkarar mai tumatir. Albasa kuwa ku ne gidanta, ki ciko leda, ki baje ta a ƙarƙashin gado kar ki bar ta a ƙulle.

Manja ki ɗauko kwalba ɗaya kawai, akwai shi a kasuwar Samaru. Tawa jarkar ta taɓa buɗewa a but tsakanin Tsafe da Funtuwa, hijabaina uku har yau da tabon.

Wake ki ba shi kulawa ta musamman, wannan kam fannina ne. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa na manne a jiki ba ki gani, sai ki buɗe buhu bayan wata guda ki ga ya zama rami-rami. Ki shanya shi a rana sosai, ki zuba a busasshiyar jarka ki cika ta har wuya, ki sa leda a baki ki murɗa murfi. In iska ba ta shiga, ƙwarin mutuwa suke yi, ba sai an sa magani ba. Wanda za ki riƙa ci ki ɗiba a ƙaramar roba, kar ki riƙa buɗe jarkar kullum. Af, in kin taɓa jin manoma suna cewa irin wake SAMPEA ko masara SAMMAZ, to SAM ɗin nan Samaru ke nan, cibiyar binciken aikin gona ta jami'ar ce take fitar da su. In kin zo zan nuna miki gonakin gwajin.

Awo: ki nemi gwangwanin madara, shi ne mudunki daga yau. Ni gwangwani ɗaya na shinkafa da rabi na wake, garau-garau ne da zan ci da rana in rage na dare. Kafin ki taho ki zauna ki auna mudun gidanku ki ga gwangwani nawa yake bayarwa, sai ki lissafa da kwanakin zango, wajen wata huɗu ne har da jarrabawa. Miya sau ɗaya nake yi a mako, in soya ta a mai har ruwan ya ƙone, in riƙa ɗumamawa safe da dare. Wake kuma ki jiƙa shi tun dare, gas ɗinki zai daɗe. Kar ki sayi abin girki sai kin zo kin karanta dokar hostal kin ga abin da aka yarda da shi.

Ga abin da na fi so ki riƙe a duk maganata. Ranar da kika sauka, kafin ki dafa ko da ruwan zafi, ki ware abincin mako uku ki ƙulle a wata jaka daban: taliya, garin kwaki, suga, gyaɗa, garin kunu, rabin dambun. Ki tura ta can ƙuryar loka ki manta da ita. Wannan ta jarrabawa ce. Yunwar makaranta ba a farkon zango take ba, lokacin kowa buhunsa cike, har tayi ake yi miki. Tana zuwa ne daidai lokacin da karatu ya fi zafi, kuɗi ya tafi a hoton takardu, na gida sun zaci kin kusa dawowa ba sai an turo ba. Na ga yarinya mai ƙoƙari ta fito daga ɗakin jarrabawa jiri na ɗibarta, ba don ba ta yi karatu ba, tun jiya da rana rabonta da abinci.

Sannan shawarata, kar ki haɗa tukunya da kowa a zangon farko. Na haɗa da mutum uku, mu biyu muka zo da kaya sosai, ɗaya ta zo da kaɗan, ɗayar kuma ƙawayenta ba sa tashi zuwa sai an sauke. Mako na takwas komai ya ƙare, aka koma kallon-kallo, har yau ɗayarsu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ki yi kyauta, amma daga faranti, ba daga buhu ba.

Ki zo da bargo mai kauri da rigar sanyi da safa. Ke da kika saba da zafin Sakkwato, hunturun Samaru zai ba ki mamaki, ga damina ta fi taku tsawo, sai da lema. Gidan sauro, bokiti biyu, kwado mai kyau.

Direban_Sharon ya rubuta:

Salamu alaikum. 'Yata, ni ba ɗan boko ba ne, yarona ne ya karanta mini tambayarki ya ce in ba da amsa tunda sana'ata ce. Ina faɗa yana rubutawa. Shekara goma sha tara ina jan mota tsakanin Sakkwato da Kaduna, 'yan makarantar da na sauke a Samaru Allah kaɗai Ya san yawansu.

A cikin tasha za ki shiga mota, ba a bakin titi ba, ko da ta bakin titi ta fi sauƙi. A tasha an san direba, an san motarsa, ana rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa. Ki rubuta lambar yayanki, ki rubuta ta daidai.

Ku yi sallar asuba ku fito, ku nemi motar farko. Tafiyar ta kai kilomita 400 ko kusa da haka, awa shida zuwa bakwai in ba a samu tsaiko ba. In an tashi ƙarfe bakwai, Dange, Tureta, Mafara, Maru, Bunguɗu, kafin sha ɗaya kuna Gusau. Kwatarkwashi, Tsafe, 'Yankara, duk a wuce su rana na tsaka, a yi azahar a Funtuwa, kafin la'asar kin sauka. Haka ake so. In kika zo tasha kika ga har sha biyu mota ba ta cika ba, ki ɗauki jakarki ki koma gida ki kwana, gobe ma rana ce. Babu rijistar da ta kai ranki. Haka in za ki dawo hutu, kar ki ce sai kin gama jarrabawar yamma sannan ki kama hanya.

Mu direbobi muna waya da junanmu, na gaba yana gaya wa na baya yadda hanya take. In kika ga direba ya faka a cikin gari ya ce a dakata, kar ki shiga cikin masu yi masa faɗa. Akwai abin da ya ji.

Kaya kuma, a yi cinikin kuɗinsu kafin a ɗaura, ba bayan an ɗaure ba. Ki rubuta sunanki a jikin kowane buhu. Jarkar mai a sa mata leda a baki kafin murfi, ki tsaya ki ga an ajiye ta a tsaye. Takardun makarantarki da waya da kuɗi a jikinki, kar su shiga but. Maganar saƙo da waccan yarinyar ta yi gaskiya ce, kullum muna kaiwa. Mahaifiyarki ta aiko da shi tasha da sassafe, a karɓi lambar direba da lambar mota a turo miki. In ya kira ki daga Giwa ki fito bakin titi ki tsaya, kar ki bar shi da mota cike da fasinja yana jiranki, gobe ba zai karɓa ba.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ninki biyu, kuma yana ƙara hawa gab da Sallah da ranar da makarantu suka rufe. Don haka kuɗin komawarki gida ki ware shi tun ranar da kika sauka, kar ki taɓa. Na sha ganin yara a bakin titin Samaru da jaka, kuɗinsu bai cika ba. Wanda Allah Ya hore mini nakan ɗauka, amma ba kullum ake dacewa ba.

Ki karya da abu mara nauyi, ki riƙe dabino da ruwa kaɗan. Allah Ya kai ku lafiya, Ya ba da abin da aka je nema.

Tsohon_ɗan_Suleiman ya rubuta:

Ƙanwata barka. Baba direba ya gama magana a kan hanya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Hajiya ta Ƙaura ma duk abin da ta faɗa haka yake, musamman jakar jarrabawa. Wuri ɗaya ne ban bi ta ba, maganar haɗa tukunya, kuma ina da dalili.

Mu huɗu muka yi tukunya ɗaya tun daga aji biyu har muka gama: ni, da wani Bakatsine, da wani Banufe daga Bida, da wani yaron Kafanchan. Ba addini ɗaya ba, ba yare ɗaya ba. Abin da ya riƙe mu ƙa'ida ce muka kafa tun ranar farko, muka rubuta a bayan wani littafi. Kowa zai kawo awo iri ɗaya a farkon zango, a auna a gaban kowa. Kuɗin gas da kayan miya karo-karo ne duk ranar Asabar. Girki bi da bi. Wanda ya yi baƙo, daga rabonsa zai ba shi. Tukunya ɗaya ta mutum huɗu ba ta cin gas ɗin tukunya huɗu, kuma ranar da kake da lakca tun safe har shida na yamma, ka dawo ka tarar an rufe maka naka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A wurin Banufen nan na koyi dafa shinkafa ba ta caɓe ba, ni kuma na koya musu ɗanwake.

Muna aji uku mahaifina ya rasu. Na je gida na yi kwana bakwai na dawo, kuma wata biyu cur ko sisi bai shigo mini ba, gida ana ta kan gado da bashi. Ranar Asabar ta farko na ce musu su cire ni, ba ni da na karo-karo. Yaron Kafanchan ya ɗauki littafin ya rubuta sunana ya sa alamar na biya, ya rufe. Haka suka yi ta yi har mako takwas, babu wanda ya taɓa tayar da maganar, har yau. Da ni kaɗai nake girkina, ban san yadda zangon nan zai ƙare mini ba. Shi ya sa in na ji an ce kar a haɗa, sai in ji ba zan iya yin shiru ba. Na yarda kar ki yi gaggawa. Ki yi zango guda kina kallon mutane: wa take wanke tukunyar da ta ara kafin ta mayar, wa take cewa an jima zan biya kuma ta biya. A cikinsu za ki samu naki.

Abu na biyu, za ki ji ana cewa ziro-wan-ziro, wato ba safe ba dare sai rana, ko wan-ziro-wan. Ana faɗa ana dariya kamar abin burgewa. Ni na yi shi a ajin farko don in tara kuɗin waya, na ƙare da gyambon ciki, shekara shida ke nan ina fama, ko azumi sai da dabara. Karatunku na magunguna ba wasa ba ne, ga ɗakin gwaji ga lakca. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ko garin kwaki ne da ƙuli ki sa wani abu a ciki kafin ki fita, ki riƙe gyaɗa a jaka in za ki daɗe a laburaren Kashim Ibrahim.

In za a tafi hutu, ko wane iri ne, kar ki bar abinci a loka. A watan Fabrairun 2022 da malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, mako huɗu aka fara cewa, muka kulle kayanmu muka tafi da 'yan jakunkuna. Sai Oktoba aka janye, wata takwas. Waken da muka bari gari muka tarar, shinkafa duk ƙwari. Ki tafi da shi ko ki ba masu shara da masu gadi, suna da iyali.

Sannan ki zauna da Baba ku duba bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara a 2024. Suna biyan kuɗin makaranta, suna ba ɗalibi naira 20,000 a wata na kashewa, babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, ba kyauta ba, don haka shawarar ta gida ce. Ranar da abu ya ƙare miki kuma, kar ki ɓoye don tsoron akuyar Inna. Yayanki za ki kira, ba ita ba.

Yaya_daga_Ƙaura ta rubuta:

Allah Ya jiƙan mahaifinka Malam, Ya sa ya huta. Wallahi labarin littafin nan ya taɓa ni. Mu ba mu rubuta komai ba, kunya ta hana mu, kowa na cewa ai mun zama 'yan uwa, kuma kunyar ce ta raba mu. Ƙanwata ki ɗauki tasa a kan wannan, amma bayan zangon farko, kuma jakar jarrabawa ko kin haɗa da mutum goma taki ce ke kaɗai.

Autar_Inna ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da shiruna, yau kwanana goma sha tara a Samaru, sai yanzu na samu natsuwa.

Mun bi maganar Baba direba. Bakwai saura muka bar tasha. Inna ta rako mu, ba ta yi kuka ba sai da mota ta tashi, ni kuma ban daina ba sai wajen Tureta. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, za ta Kaduna wurin ɗanta, ta miƙo mini goro ta ce in tauna, ta riƙa gaya mini sunan kowane gari. Dutsen Kwatarkwashi ban taɓa ganin abu mai girmansa ba. Daga Tsafe motar ta yi tsit, kowa na jan carbi, sai da muka shiga Funtuwa aka fara hira. Uku da 'yan mintuna muka sauka a Main Gate. Yayana ya kwana wurin wani abokinsa, washegari ya juya.

Inna ta yarda an raba kayan uku, amma sai da na karanta mata amsar Yaya ta Ƙaura tun daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin garin kunu ta ce wannan yarinyar 'yar gidan mutunci ce. Kwana biyu ta yi tana surfe. Turmin ya zauna, sai dai da na buɗe jakar tufafina na tarar ta cusa kilishi a cikin zanena, da naira 3,000 a ƙulle a bakin ɗankwali. Su na sa a kuɗin komawa.

A ɗakinmu akwai wata daga Ilori da wata daga Makurɗi, ba sa jin Hausa sosai, sai wata Bazazzagiya da take yi mana tafinta in Turancina ya tsaya. Ta Makurɗin ba ta taɓa cin ɗanwake ba. Ranar Lahadi na yi, ta tsaya tana kallon yadda nake jefawa a ruwa, ta ci ta ƙara, jiya kuma ta ba ni doya da miyar da ban san sunanta ba. Ban haɗa tukunya da kowa ba tukuna, ina dai kallo kamar yadda Yaya na Suleiman ya ce. Girkina na farko gwangwani uku na auna don hannuna ya saba da na gida, muka ci mu huɗu har da saura. Yanzu na dawo ɗaya. Jakar jarrabawa tana ƙuryar loka, na ɗaure ta da igiya.

Abin da ban saba da shi ba tafiyar ƙasa, daga hostal zuwa aji zuwa masallaci zuwa laburare, ƙafata har ta yi kanta. Da yamma in na dawo nakan tsaya wurin mai awara in sayi ta ɗari biyu, shi ne kaɗai abin da nake saya a waje, kuma ina rubutawa.

Tambaya ɗaya Yaya. Miyar da na soya ranar Asabar, zuwa Talata ta yi tsami na zubar, raina ya ɓaci ƙwarai don tattasan da tsada na saye shi. Ina na yi kuskure?

Yaya_daga_Ƙaura ta rubuta:

Alhamdu lillahi da kuka sauka lafiya. Ki gaishe mini da Inna, ki ce na gode da addu'a.

Ɗayan biyu ne: ko ba ki bari ruwan tumatir ya ƙone ba, ko kin tsallake ɗumame. Sai kin ga mai ya taso ya rufe saman miyar, ta daina tururi mai yawa, sannan ta soyu. Ki ɗumama ta har ta tafasa safe da dare ko ba za ki ci ba, kar ki rufe ta ruf tana da zafi, kuma cokalin da ya taɓa shinkafa ko bakinki kar ya koma ciki. Ranar Asabar bayan la'asar ba ni da komai. Na turo miki lambar ɗakina ta saƙon sirri, ki taho da tattasanki da tukunyarki mu soya tare, daga nan mu leƙa kasuwar Samaru in nuna miki wurin matar da nake sayen manja.